Ranar da Kano Ta Ƙi Ɗanta, Borno Ta Hau Doki



Duk lokacin da guguwar zaɓen shugaban ƙasa ta fara kaɗawa, akwai maganganu biyu da ba sa ɓacewa a majalisun Galtimari, tun daga teburin mai shayi har ƙofar masallaci bayan Isha'i. Ta farko ita ce wai Bahaushe duk inda yake ɗan'uwansa yake zaɓa, ko da ya shekara arba'in a Maiduguri. Ta biyu kuma wai Borno ba ta barin ɗanta, saboda haka baƙo ya bi inda masu gari suka bi ya zauna lafiya. Masu faɗin ta farko galibi 'yan siyasa ne da ke neman hujjar tsallake layinmu idan an zo rabon aiki. Masu faɗin ta biyu kuwa mu ne da bakinmu. Da na zauna na bi alƙaluman zaɓuɓɓukan da aka yi tun daga 1979, sai na ga kowace tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Zaɓen da ya fi tona wannan shi ne na 12 ga Yuni 1993, kuma yawancin samarin da ke ta da jijiyar wuya a kan 'yan takara yau ba a haife su ba a lokacin.

Amma sai mun ɗan koma baya tukuna.

Garin nan na Yerwa a 1907 aka kafa shi, lokacin da Turawa suka dawo da Shehu Garbai nan. Tun ana aza harsashinsa akwai Hausawa a ciki, fatake da mahauta da almajiran da suka zo gabas neman karatun Alƙur'ani. Unguwar Hausari shaida ce. Barebari suna kiranmu Afuno, kamar yadda a birnin Kano akwai Zangon Barebari, inda nasu fataken suke sauka. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964 sai zuwan ya ƙaru. A siyasar Jamhuriya ta Farko ma garin bai taɓa zama baki ɗaya ba. NPC ce ke da fada da hukumar En'e, amma ga Ibrahim Imam, wanda ya bar sakataren NPC ya jagoranci jam'iyyar samarin Borno, BYM, ya ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano, daga baya kuma da jam'iyyar Awolowo. Wato tun kafin a haifi yawancinmu, akwai Babarbaren da ya ga ya fi kusa da talakan Kano a kan mai sarautar garinsu.

A 1979 ina yaro, abin da na riƙe kawai alamomi ne: gida da masara na NPN, mabuɗi na PRP, zakara na GNPP. Mutum biyar suka tsaya ranar 11 ga Agusta, kuma uku daga ciki kowanne yana da igiyar da yake jan iyayenmu da ita. Alhaji Shehu Shagari na Sakkwato, Malam Aminu na Kano, sai Alhaji Waziri Ibrahim, haifaffen Yerwa, mai taken siyasa ba da gaba ba. Allah ya jiƙansu duka. Sauran biyun su ne Awolowo da Azikiwe. A faɗin ƙasa Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Awolowo 4,916,651, Azikiwe 2,822,523, Malam 1,732,113, Waziri 1,686,489. A tsohuwar jihar Borno, wadda ta haɗa da Yobe ta yau, Waziri ya sami kashi 54 cikin ɗari. Ku riƙe mini wannan adadin, za mu sake haɗuwa da shi. Shagari ya sami kusan kashi 35, Malam kuma bai kai kashi 7 ba.

Wannan kashi 35 ɗin ba ƙaramin aiki ya yi ba. Tsarin mulki ya ce ba a zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a 12, kuma Borno na cikinsu. Ta 13 ita ce Kano, inda Malam ya kwashe fiye da kashi 76, Shagari ya tsaya a 19.94. Nan lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kawo lissafinsa da har yau ake gardama a kai: biyu bisa uku na 19 ai 12 ne da biyu bisa uku, don haka a Kano ba sai an cika kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan ƙuri'un ba. Kotun Ƙoli ta yarda da shi ranar 26 ga Satumba, kwana biyar kafin rantsuwa. To da a ce Borno ta bi ɗanta kaf kamar yadda ake faɗa, da ko wannan lissafin bai ceci Shagari ba.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, asalin tsoron da ya shiga zukatan iyayenmu. GNPP ta ci gwamna da Muhammadu Goni, kuma shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jiha shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, mutum mai kaifin baki da jama'a. A watan Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi, bisa takardar da ministan cikin gida Bello Maitama Yusuf ya sa wa hannu, suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a nan Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ya dawo. Amma mai sayar da goro da mai yankan farce sun riga sun yi nasu lissafin: idan wanda aka haifa a garin nan, mai kujera a majalisa, za a iya kwana a tashi a ce baƙo ne, to ina ga ni? Abin lura, ba mutanen Borno ne suka kore shi ba, gwamnatin tarayya ce, kuma wanda ya sa hannu mutumin Kano ne. Duk da haka darasin da aka ɗauka a unguwanninmu shi ne a yi shiru, a duba inda iska ta nufa.

Zaɓen 1983 ba zan daɗe a kansa ba. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu kafin zaɓe, GNPP ta dare, ƙuri'un Waziri ba su kai rabin na 1979 ba, NPN ta karɓi Borno da Asheik Jarma, sannan sojoji suka kife komai ranar 31 ga Disamba.

Yanzu mu zo kan 1993.

Wanda bai ga zamanin Janar Babangida ba zai yi wuya ya gane gajiyar da mutane suka yi kafin a kai ga ranar zaɓe. A 1989 gwamnati ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, ta gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma, ta rubuta musu manufofi. SDP mai alamar doki, NRC mai alamar mikiya. Aka ce ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. A kasuwa ba wanda ya damu da hagu ko dama. Abin da kowa ya gane shi ne tsofaffin 'yan PRP da GNPP da UPN galibi sun taru a doki, tsofaffin 'yan NPN kuma sun taru a mikiya.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 da na gwamnoni na Disamba 1991 da ƙato bayan ƙato aka yi su. Ba takarda, ba ɓoyo. A kafa hoton ɗan takara, ka je ka tsaya a layinsa, a ƙirga ku da rana tsaka. Masu yabon tsarin suna cewa ya hana maguɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ku ɗauki kanku a matsayin ɗan kasuwar da yake haya. Mai gidan da kake ciki yana kallonka, bulama yana kallonka, wanda ya ba ka rumfa yana kallonka, wanda kake bi bashi ma yana kallonka. Ɗan gari idan ya tsaya a layin da ya faɗi yana da dangi da za su tare masa. Baƙo fa? Na san dattawa da dama da suka zaɓi su buɗe shago ranar ko su kwanta ciwon kai. A nan Borno Maina Ma'aji Lawan na SDP ya ci gwamna, a Yobe da aka cire daga jikinmu a Agusta 1991 Bukar Abba Ibrahim na SDP ya ci. A Kano kuwa rikicin cikin gida ya raba SDP, Kabiru Gaya na NRC ya shige ta tsakiya.

Manyan da kowa ya sa ran za su tsaya takarar shugaban ƙasa ba su ne suka tsaya ba. A zaɓen fid da gwani na 1992 Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ne a gaba a SDP, a NRC kuma ana ja tsakanin Malam Adamu Ciroma na Potiskum da Alhaji Umaru Shinkafi. Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa dukkan masu neman su 23 sake tsayawa. Aka fito da sabon tsari na tsayar da ɗan takara tun daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. A watan Maris 1993 NRC ta taru a Fatakwal ta tsayar da Alhaji Bashir Usman Tofa, ɗan kasuwa daga Kano, tsohon sakataren kuɗi na NPN, mai shekara 45. SDP ta taru a Jos, inda aka gwabza tsakanin Cif Mashood Abiola, da Babagana Kingibe, ɗan Borno, tsohon jakada kuma tsohon shugaban jam'iyyar na ƙasa, da Atiku Abubakar, wanda mutanen 'Yar'aduwa suka tsayar. Atiku ya zo na uku a zagayen farko ya janye, Abiola ya doke Kingibe da ƙyar a zagaye na biyu. Gwamnonin SDP suna bayan Kingibe, kuma a ƙarshe shi Abiola ya ɗauka mataimaki. Musulmi da Musulmi. Tofa kuma ya ɗauki Dokta Sylvester Ugoh, Kirista daga ƙasar Ibo.

Kun ga yadda abin ya zo wa Bahaushen Maiduguri. A hannu ɗaya ga ɗan Kano, mai jin yarenka, mai shiga irin taka. A ɗaya hannun ga Bayerabe daga Abeokuta, amma da ɗan garin da kake zaune a gefensa, da gwamnan jihar a bayansa. Idan maganar farko gaskiya ce, ya kamata dukkanmu mu bi mikiya. Idan ta biyu ce gaskiya, ya kamata Borno ta bi doki ba ragi.

Shekarar ce na fara kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa, kuma ina tuna gardamar da ake yi a rumfuna. Masu son Tofa suna cewa namu ne, kuma kada mulki ya bar Arewa, don idan ya tafi ba a san ranar dawowarsa ba. Wannan magana tana da ƙarfi a wurin Sakkwatawa da Zamfarawa da mutanen Kabi da ke cikinmu, waɗanda gidajensu tun asali NPC ne sannan NPN. Masu son Abiola suna da hujjoji da yawa, kuma ba duka suke tafiya tare ba. Wani saboda kyauta yake sonsa, don sunan mutumin ya riga ya zagaya Arewa wajen gina masallatai da taimakon makarantu, ga shi mataimakin shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, kuma kamfanin jaridarsa na Concord yana buga jaridar Hausa mai suna Amana. Wani saboda Kingibe. Wani kuma, musamman Bakano ko Bahaɗeje, cewa yake ubansa ya sha ɗauri a NEPU, shi ya yi PRP, ba zai tsufa ya koma layin masu sarauta ba, ko da ɗan takarar maƙwabcinsu ne a Kano. Su Abubakar Rimi da Sule Lamido suna doki, to shi ma yana doki.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta fi yawa ko da ba a fiye ɗaga murya a kanta ba. Kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Mu 'yan kasuwar bakin iyaka abin ya zo mana biyu. Wanda yake sayar wa mutanen Chadi da Kamaru ta Gamboru da Banki ya ji daɗi, don mai sefa ya zama attajiri a kasuwarmu. Wanda kuma yake saro kayan waje, ko ma'aikaci mai jiran albashi, ya ji a jikinsa. Abiola ya zo yana alƙawarin ban kwana da talauci, kuma mutane suna cewa wanda ya tashi cikin talauci ya tara irin wannan dukiya, ya kuma saba bayarwa, ba zai zo ya sace tasu ba. Ko wannan lissafi daidai ne, Allah bai ba mu damar gani ba.

Maganar addini ma an yi ta, ba zan ɓoye ba. Akwai waɗanda suka ce tikitin Musulmi biyu ya fi. Amma ni ban ga ita ce ta yanke hukunci ba, tunda Tofa ma Musulmi ne, kuma jihohin da Kiristoci suke da yawa irin su Filato da Binuwai doki suka bi duk da haka.

Ranar Asabar 12 ga Yuni an ɗan gyara tsarin. Ana tantance mutane da safe, a yi layi a lokaci guda, kowa ya dangwala a takarda ya jefa a akwati a gaban jama'a, a ƙirga nan take. Wannan ɗan sirrin na takarda ya ba baƙo numfashi. An yi zaɓe lafiya, ba faɗa. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta fara bayyana sakamako, ta kai jihohi 14, sai umarnin kotu ya tsayar da ita. Alƙaluman da suka fito daga baya sun nuna Abiola ya haura miliyan 8, Tofa yana wajen miliyan 6.

A Borno Abiola da Kingibe sun sami 153,496, Tofa 128,684. Kashi 54 ke nan cikin ɗari, daidai da na Waziri shekara 14 kafin nan. Tazarar ba ta kai 25,000 ba, alhali ga ɗan gari a kan tikiti, ga gwamna a jam'iyya. A Kano kuwa, jihar Tofa, mai gwamnan NRC, Abiola ya sami 169,619, Tofa 154,809. Kano ta ƙi ɗanta. Jigawa ta bi doki, Yobe ta bi doki da rinjayen da ya fi na Borno, Kaduna ma ta bi da ƙyar. Sakkwato da Kabi da Neja da Bauchi suka bi mikiya da gagarumin rinjaye. Katsina, duk da 'Yar'aduwa, Tofa ta zaɓa. Adamawa, duk da Atiku, Tofa ta zaɓa.

Idan ka shimfiɗa taswirar 1993 a kan ta 1979, za ka ga kusan abu ɗaya ne aka sake wa riga. Inda mabuɗi da zakara suka yi ƙarfi, doki ya ci. Inda gida da masara suka yi ƙarfi, mikiya ta ci. Yaren ɗan takara bai motsa wannan ba sai kaɗan. Kuma Hausawan da ke zaune a nan da wannan rabuwar suka zo daga garuruwansu, kamar yadda kowa ya zo da irin tuwon gidansu. Hukumar zaɓe ba ta taɓa ƙirga ƙuri'a da ƙabila ba, saboda haka duk wanda ya ce muku ga yadda Afuno suka yi zaɓe a shekara kaza, ku tambaye shi a wace takarda ya gani.

Akwai wani abu a cikin alƙaluman Kano da masu yabon 12 ga Yuni ba su cika faɗa ba. Dukkan ƙuri'un jihar ba su kai 330,000 ba. Kano fa. A ƙasa baki ɗaya mutum wajen miliyan 14 ne suka fito cikin kusan miliyan 39 da suka yi rajista. Wato jam'iyyar da ta fi kowace girma a ranar ita ce ta waɗanda suka zauna a gida, saboda sun gaji da ɗage-ɗage kuma ba su yarda soja zai sauka ba. Ba su yi ƙarya ba kuwa. Ranar 23 ga Yuni aka soke zaɓen.

Abin da ya biyo baya 'yan kasuwa ne suka fara ɗanɗana shi. Legas ta rikice, jita-jitar yaƙi ta bazu, 'yan kudu suka riƙa lodin kaya suna barin Arewa, 'yan'uwanmu na Agege da Idi Araba da Sabo Ibadan wasu suka turo iyalansu gida. Mai shanu da mai kifin Baga da mai wake da ke lodi zuwa kudu ya rasa ko ya tura mota ko ya dakata. Babangida ya sauka a ƙarshen Agusta, ya bar wa Ernest Shonekan riƙo, Janar Sani Abacha ya ture shi ranar 17 ga Nuwamba. Kingibe, wanda mutane da yawa a garin nan suka dangwala doki saboda shi, ya karɓi ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Yuni 1994, aka kama shi, ma'aikatan mai suka yi yajin aikin da ya tsayar da ƙasa makonni, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, wata ɗaya bayan rasuwar Abacha. Shi Abacha ɗin ma abin dubawa ne a wannan magana tamu: asalinsa Babarbare, haihuwa da tashi a Kano. Mu ne aka juya. Kanawa suna cewa nasu ne, mutanen Borno suna cewa nasu ne, ba wanda ya nemi ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Sai a 2018 Shugaba Buhari ya mai da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar girma mafi girma ta ƙasa, ya ba Kingibe mai bi mata. A Fabrairu 2025 Babangida da kansa ya amsa a bainar jama'a cewa Abiola ne ya ci. Alhaji Bashir Tofa ya rasu a Janairu 2022, ya bar littattafai da dama da ya rubuta da Hausa. Allah ya gafarta musu.

Sauran labarin yawancinku kun gan shi da idonku. Ɗan takarar da Borno ta fi yi wa ruwan ƙuri'a a tarihinta ba ɗanta ba ne, mutumin Daura ne. A 2011 Buhari yana CPC, gwamnatin jiha tana ANPP, amma ya sami fiye da 900,000 a nan. A 2015 ya sami 473,543, Jonathan 25,640. A 2019 ya sami 836,496, Atiku 71,788. Fiye da kashi 90 ke nan sau biyu a jere. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya kwana a Galtimari ranar Juma'a 14 ga Maris 2014, da aka kai hari barikin Giwa a bayan gidajenmu. An yi watanni ba layin waya, hanyoyin Bama da Damboa da Dikwa sun zama abin tsoro, Baga ta faɗi a Janairu 2015, aka ɗage zaɓe mako shida zuwa 28 ga Maris, dubban mutane suka kaɗa ƙuri'a a matsayin 'yan gudun hijira. A layin ranar ba wanda ya tambayi wani Afuno ne ko Kanuri ko Shuwa ko Babur. Kowa abu ɗaya yake nema, ya kwana da ido biyu a rufe. Ko an samu yadda aka so, wannan kowa yana da amsarsa.

A 2023 sai tarihi ya dawo da tsohuwar riga: Bayerabe Musulmi, Bola Tinubu, da mataimaki ɗan Borno, Kashim Shettima, wanda ya yi gwamna shekara takwas, ga kuma gwamna mai ci, Farfesa Zulum, a bayansu. A gefe ga Atiku, wanda ya janye a Jos shekara 30 da suka wuce, ga Rabi'u Kwankwaso na Kano, ga Peter Obi. An shiga zaɓen cikin wahalar canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a hannu, kuma wannan ya ɓata wa 'yan kasuwa da yawa rai da jam'iyya mai mulki. Samari sun yi ta zuwa suna cewa Malam a faɗa mana wanda za mu zaɓa a huɗuba. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Ƙuri'a shaida ce, kowa da tasa za a tambaye shi, kuma sahun da ke bayana akwai mai jar hula akwai mai tsintsiya akwai mai lema.

Ranar 25 ga Fabrairu Tinubu ya sami 252,282 a Borno, Atiku 190,921, Obi 7,205, Kwankwaso 4,626. Idan aka haɗa da ƙuri'un sauran ƙananan jam'iyyu, kashi 54 ne ya sake fitowa. A zaɓukan 1979 da 1993 da 2023 ɗan Borno yana kan tikiti, kuma a duka ukun jihar ta ba shi abin da ya ɗan haura rabi, sauran suka tafi wani wuri. Kwankwaso kuma, da ya kwashi 997,279 a Kano, bai kai 5,000 ba a dukkan ƙananan hukumomi 27 na jihar nan. Hausawan Hausari da Gwange da Bulunkutu da nan Galtimari kaɗai sun ninka wannan adadi sau da yawa. Da Bahaushe ɗan'uwansa kawai yake zaɓa, da ba haka takardar za ta nuna ba. A daren da ake tattara wannan sakamakon ne gobara ta tashi a Kasuwar Monday, muka wayi gari Lahadi muna kallon toka, har da yawanmu ba su bi ta kan wanda ya ci ba sai bayan kwanaki.

Adadi na ƙarshe da zan kawo shi ne wanda ya fi damuna. Mutum wajen miliyan biyu da rabi ne suke da rajista a Borno a 2023, waɗanda suka kaɗa ba su kai rabin miliyan ba, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar. A cikin waɗanda ba a gani ba akwai namu da yawa da katinsu yake Kano ko Katsina ko Gusau, suna shekara a nan, 'ya'yansu suna makaranta a nan, amma ana gobe zaɓe su cika tashar mota, ko kuma in kuɗin mota ya gagara su zauna. Hukumar zaɓe tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune duk lokacin da ta buɗe sabunta rajista, kuma ba a tambayar asalin kowa. Mazaɓarmu ta Bale Galtimari a ƙaramar hukumar Jere take. Idan kansila ko ɗan majalisa ya zauna da takardar sakamako yana duba wace unguwa za a fara yi wa kwalbati ko rijiyar burtsatse, adadin da aka jefa a akwatunan nan yake karantawa. Wanda ya hau mota ya je Dawakin Tofa ya dangwala, a lissafin Dawakin Tofa ya shiga.